Wahala da Adalci: Nazarin Saɓanin 'Yan Wasa Kan Dark Souls da Danginsa

Akwai wasu wasannin bidiyo da duk lokacin da sabo ya fito a cikinsu sai gardama ta kaure tsakanin masu buga su. Kamfanin FromSoftware da ke birnin Tokyo na ƙasar Japan ne yake yin su: Demon's Souls a 2009, Dark Souls a 2011, Bloodborne a 2015, Sekiro a 2019, sai Elden Ring a 2022. A cikinsu jarumi ɗaya mai wasa yake sarrafawa, yana ratsa rusassun garuruwa da kurkuku da fadamu, da takobi ko mashi ko sihiri, yana ƙara wa jarumin ƙarfi da kayan yaƙi sannu a hankali. Galibin wasannin zamani kafin ka fara sai sun tambaye ka: da sauƙi kake so, ko tsaka-tsaki, ko da wuya? Waɗannan ba sa tambaya. Ƙofa ɗaya ce, kuma ta nan gwani da ɗan koyo duk za su shiga.

Daga nan ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin wannan tsauri shi ne ran wasan, in aka taɓa shi an kashe komai. Wasu kuma na ganin taurin kai ne kawai, an hana mutane da dama cin moriyar abin da suka saya da kuɗinsu. An haura shekara goma ana wannan ja-in-ja, kuma a ganina abin da ya hana ta ƙarewa shi ne kowa yawan wahalar yake aunawa. Tambayar da ta fi amfani ita ce: idan wasan ya kayar da kai, ya yi maka adalci? Da wannan mudu nake so mu auna maganar kowane ɓangare.

Yadda wasan yake horar da mai buga shi

Mu bi sabon shiga a sa'arsa ta farko cikin Dark Souls. Bayan ya kuɓuta daga kurkukun farko, wani ƙaton hankaka zai sure shi ya ajiye a wani kango mai suna Firelink Shrine. Babu taswira, babu kibiyar da ke nuna hanya. Wani jarumi da gwiwarsa ta yi sanyi yana zaune kusa da wuta, abin da zai gaya masa kawai shi ne akwai ƙararrawa biyu da ake so a kaɗa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wata hanya daga nan tana ɓullewa maƙabarta, inda ƙasusuwan matattu ke harhaɗuwa su miƙe, su gama da baƙo cikin sara biyu zuwa uku. Mutane da yawa a nan suka fara tsanar wasan. Alhali saƙo ne aka ba su: nan ba wurinka ba ne tukuna. Hanyar da ta dace wata matattakala ce a jikin dutse, wadda ke hawa zuwa garin Undead Burg, inda abokan gaba suke daidai da ƙarfin ɗan koyo.

Kowane sara, kowace mirginawa, kowace kariya da garkuwa tana cin kuzari daga wani koren layi a saman allo. In layin ya ƙare, jarumi ya zama ba sara ba kariya. Saran da ka riga ka ɗaga ba ya janyuwa sai ya sauka. Maganin da ke maido da lafiya yana cikin wata gora mai kurɓi biyar a mafi yawan wurare, kuma kafin ka gama kurɓa abokin gaba zai iya cim maka. Wurin hutu shi ne gindin wuta. A nan gora take cika, amma da zarar ka zauna, duk ƙananan abokan gaban da ka kashe sai su dawo wurarensu. Kuɗin wasan kuwa kurwa ce da kake tarawa daga waɗanda ka kashe, da ita ake sayen kaya, da ita ake ƙara ƙarfi. In ka mutu sai ta zube a inda ka faɗi. Dama ɗaya gare ka ka koma ka kwashe abinka. In ka sake mutuwa a hanya, ta tafi ke nan.

Abin da wannan tsari yake hukuntawa shi ne gaggawa da haɗama da rashin lura. A Undead Burg akwai wata matattakala da aka ajiye ganga mai ci da wuta a samanta, kana fara hawa za a turo maka ita. Karon farko za ta same ka. In ka sake fara wasan daga farko ka san tana nan, sai ka taka ka ja da baya, ta wuce. Daga ranar kuma ba ka ƙara hawa bene ba tare da ka ɗaga kai ba. Adalcin da nake nufi ke nan, kuma ƙafa uku gare shi: akwai alama kafin hari ga wanda ya lura, doka ba ta sauyawa tsakanin gwaji da gwaji, sannan bayan ka faɗi kana iya faɗin abin da ya kayar da kai.

Inda abin ya samo asali

Wasa mai wuya ba sabon abu ba ne. Na'urorin shekarun 1980 da ake jefa wa kwabo, masu ɗauke da wasanni irin Ghosts 'n Goblins na kamfanin Capcom na 1985, sun yi suna wajen azabtarwa, amma wuyar ciniki ce: in ka mutu da wuri za ka sake jefa kuɗi. Da wasanni suka koma cikin gidaje, kuɗin yin su kuma ya yi tashin gwauron zabo, sai manyan kamfanoni suka koma lallaɓa mai saye. Zuwa ƙarshen shekarun 2000 an saba da alamar da ke jan ka zuwa inda za ka, da lafiyar da ke dawowa da kanta in ka ɓuya, da adana wasa a kowane taku.

Cikin wannan yanayi Demon's Souls ya fito. Wanda ya jagoranci aikin, Hidetaka Miyazaki, bai shiga sana'ar da wuri ba. Ya bar aiki a kamfanin Oracle ya koma FromSoftware a 2004, yana ɗan shekara 29, daga baya ya karɓi wannan aiki lokacin da ake ganin ya riga ya lalace. Kamfanin Sony ne ya fitar da wasan a Japan, amma ya ƙi fitar da shi a ƙasashen Yamma. Shuhei Yoshida, ɗaya daga cikin shugabannin sashen wasanni na Sony, ya faɗa da bakinsa daga baya cewa ya gwada wasan na kusan sa'a biyu ya yanke hukuncin ba shi da kyau, kuma kuskure ya yi. Kamfanin Atlus ne ya kai shi Amurka, labarinsa ya bazu daga baki zuwa baki. Miyazaki ya zama shugaban FromSoftware a 2014.

Abu ɗaya ya gurɓata fahimtar mutane tun daga farko. Lokacin da Namco Bandai ke tallar Dark Souls, taken da ya zaɓa shi ne mai wasa ya shirya mutuwa. Tallar ta ci kasuwa, amma ta sa duniya ta ɗauka wuya ce hajar da ake sayarwa. Shi kuwa Miyazaki ya sha nanatawa a hirarrakinsa cewa wuyar hanya ce kawai, abin da yake nema shi ne daɗin da mutum ke ji in ya tsallake abin da ya ɗauka ya fi ƙarfinsa.

Hujjar masu kare tsauri

Masu wannan ra'ayi suna da maganganu uku masu nauyi. Na farko, nasara ba ta da ɗanɗano in babu yiwuwar faɗuwa. Masanin wasanni Jesper Juul, ɗan ƙasar Denmark, ya yi littafi a 2013 mai suna The Art of Failure a kan wannan ɗabi'a ta ɗan Adam: ba ma son faɗuwa, amma da ƙafarmu muke zuwa wasan da muka san zai kayar da mu, kuma wasan da ba ya kayarwa gundurar mu yake yi. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, kuma a ganin waɗannan mutane romon ba ya samuwa in an ba ka dutsen a dafe.

Na biyu, ƙofa ɗaya tana haɗa kan jama'a. Duk wanda ya ce ya wuce Ornstein da Smough, mayaƙa biyun nan na birnin Anor Londo, ɗaya siriri mai mashi da zafin nama, ɗaya ƙato mai guduma, to kowa ya san abin da ya sha, domin kowa shi ya sha. Hirar da ke tsakanin masu wasan a kan wannan tarayya aka gina ta.

Na uku, wuyar tana cikin labarin kansa. A duniyar Dark Souls mutane ba sa mutuwa su huta. Suna ta dawowa ne har ranar da suka fid da rai, sai hankalinsu ya gushe su zama fanko. Mai wasan da ya ajiye ya ce ya gaji, abin da ya sami waɗancan ne ya same shi. Shi ya sa mutane da dama da suka yi fama da ciwon damuwa suke ba da labarin cewa wasan ya koya musu sake miƙewa. Wannan shaida ce da ba ta cancanci raini ba.

Inda wannan ɓangare ya yi rauni shi ne girman kan wasu daga cikinsu. Mutum zai zo da tambaya ko koke, amsar da za a jefa masa ita ce ya je ya ƙware. Wanda ya ci wasan da sihiri a ce bai ci ba, wanda ya nemi taimako a ce ya yi maguɗi. Masu wannan hali sun mai da wasan lambar yabo da suke tsoron kada ta yi araha, kuma sun kori mutanen da wasan kansa bai kora ba.

Hujjar masu neman sassauci

Kuskure ne a zuba masu suka a kwando ɗaya, domin koke-kokensu iri-iri ne. Akwai mai cewa ba shi da lokaci: ga aiki ga iyali, ba zai kwana uku a kan dodo ɗaya ba. Uzuri ne na gaskiya, amma ba ya wajabta wa mai fasaha ya sauya aikinsa, domin ba kowane wasa aka yi don kowa ba.

Koken da ya fi ƙarfi shi ne na masu lalura. Mutumin da hannunsa ke rawa, ko mai ciwon gaɓoɓi, ko wanda yatsunsa ba sa amsa umarni cikin ƙiftawar ido, zai iya fahimtar dodo sarai, ya haddace duk motsinsa, amma jikinsa ya hana shi aiwatarwa. A wurinsa ƙafa ta uku ta adalci ba ta da amfani: ya san abin da ya kayar da shi, kuma ba abin da koyo zai gyara ba ne. Cewa kowa ƙofa ɗaya yake bi gaskiya ne, amma ba da jiki ɗaya kowa yake zuwa bakin ƙofar ba.

Wannan magana ta fi zafi a 2019 da fitowar Sekiro, kuma akwai dalili. Sekiro ya toshe hanyoyin da ake rage wa kai wuya a sauran wasannin: babu kiran mataimaki, babu sauya babban makami, babu tara ƙarfi har ka fi dodo. Takobi ɗaya ne, kuma dole ka koyi kaɗe saran abokin gaba daidai lokacin da yake sauka, har ka karya tsayuwarsa. Steve Spohn, wanda yake ƙungiyar AbleGamers a lokacin, mai fafutukar 'yancin masu lalura a harkar wasanni, yana cikin waɗanda suka yi ta bayanin cewa samar da zaɓi ga wani ba ya rage wa gwani komai. Duk da gardamar, Sekiro ne ya lashe kambun wasan shekara a bikin The Game Awards na 2019.

Masu neman sassauci suna da misalai a hannu. Celeste na 2018 wasa ne mai wuyar gaske, amma yana da wani sashe na taimako inda za ka iya rage gudun wasan ko ka hana jarumar mutuwa, tare da bayanin cewa ba haka aka tsara shi tun asali ba. A Hades na 2020 akwai zaɓin da ke rage illar duka da kashi 20 cikin ɗari, ya riƙa ƙaruwa da kashi 2 duk mutuwa har zuwa kashi 80. The Last of Us Part II ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60 don masu matsalar gani da ji da motsi. Lies of P na Koriya ta Kudu, wanda ya bi sawun FromSoftware sau da ƙafa, ya ƙara matakan sauƙi a 2025. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutuncinsa ya zube.

Sauƙin da aka ɓoye a cikin wasan

Abin da ɓangarorin biyu suke yawan mantawa shi ne waɗannan wasanni cike suke da sassauci, sai dai a cikin duniyar wasan aka saka shi, ba a shafin zaɓi ba. Tun daga Demon's Souls, mai wasa yana ganin saƙonnin da wasu suka rubuta a ƙasa, suna gargaɗin kwanton ɓauna ko nuna ɓoyayyar hanya. Yana ganin tabon jini, in ya taɓa sai a nuna masa inuwar wani tana maimaita yadda ta mutu a wurin; gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Yana kuma iya kiran wani baƙo daga wata ƙasa ya shigo ya taya shi faɗa, in an gama ya ɓace ba tare da sun san juna ba. Miyazaki ya ce tunanin ya zo masa ne wata rana da motoci suka maƙale a kan tudu mai ƙanƙara, na baya suka riƙa tura na gaba, kowa ya wuce ba tare da samun damar godiya ba.

Elden Ring ya faɗaɗa wannan sosai. Da fitowarka fili na farko za ka ga wani mahayi mai sulken zinariya, Tree Sentinel, yana kai da kawowa. In ka tunkare shi zai shafe ka. Darasin shi ne a kewaye shi. Haka Margit, mai tsaron hanyar fadar Stormveil: in ya gagare ka, ga doki an ba ka, ka yi kudu zuwa Weeping Peninsula, ka tara ƙarfi, ka gyara makami, ka dawo. Ga kuma tokar ruhohi da ake kira su taya ka faɗa ko babu intanet. Sakamakon ya bayyana a kasuwa: kwafi miliyan 12 cikin makonnin farko, miliyan 20 cikin shekara guda, miliyan 25 zuwa tsakiyar 2024. Jama'a ba wuya suke gudu ba, bango marar ƙofa suke gudu.

Mafi kyawun abin da al'adar wasan ta haifar ma daga taimako ya fito. Wani mai wasa da aka sani da laƙabin Let Me Solo Her, jaruminsa ba sulke, tulu kife a ka, takubba biyu a hannu, ya ɗauki aikin shiga wasan mutane yana kashe musu Malenia, wata mayaƙiya a Elden Ring wadda ta gagari mutane da yawa. Da ya cika sau 1,000, Bandai Namco (wato Namco Bandai na da) ya aika masa da takobi na gaske kyauta. Kamfanin da kansa ya karrama mai taimako, wannan kuwa amsa ce ga masu cewa neman taimako maguɗi ne.

Sai dai sauƙin da aka ɓoye ba kowa yake kai wa gare shi ba. Sai wanda ya san akwai shi, wani ɓangarensa kuma sai da intanet mai ƙarfi, kiran mataimaki a na'urorin PlayStation na yanzu ma sai an biya kuɗin rajista. Matashin da ke wasa a Kano ko Zinder ba tare da intanet ba, ba ya ganin saƙo, ba ya ganin tabon jini, ba mai shigowa ya agaza masa. Wasan da yake bugawa ya fi na takwaransa na Tokyo tsauri, ko da yake suna ɗaya ne a jikin kwali.

Inda adalcin ya fara tangaɗi

Akwai suka ta uku, kuma daga tsofaffin masoya take fitowa. Su ba sauƙi suke nema ba, cewa suke yi kamfanin ya shiga tsere da gwanayensa. Da yake akwai masu gama wasannin ba tare da an taɓa su ko sau ɗaya ba, da masu bugawa da tabarmar rawa ko jitar roba, sai kowane sabon dodo ya zo da sara mai tsawo, da jinkirin yaudara, da walƙiyar da ke rufe allo.

Malenia ce misalin da aka fi kawowa. Duk saran da ta yi maka lafiyarta ƙaruwa take yi, ko da da garkuwa ka tare. Tana da wani hari da take tashi sama ta sauko da ruwan sara kashi uku, wanda kusan ba mai gano yadda ake kauce masa da idonsa, sai an kalli bidiyon wani. Alƙaluman da Bandai Namco ya fitar a 2023 sun nuna an tunkare ta fiye da sau miliyan 300. Abin da ya rage mata laifi shi ne ba dole ba ce, ana gama wasan ba tare da an je wurinta ba. Da ƙarin Elden Ring mai suna Shadow of the Erdtree ya fito a Yunin 2024, ya sayar da kwafi miliyan 5 cikin kwana uku, amma ra'ayin masu saye a dandalin sayar da wasanni na Steam ya rabu a kwanakin farko, saboda tsauri da kuma sarƙewar wasan a kwamfuta. Wani ɓangare na koken rashin fahimta ne, domin an warwatsa wasu gutsattsari a ƙasar da ke ƙara ƙarfi, masu gaggawa kuma ba su tsaya tsinta ba. Wani ɓangaren kuwa gaskiya ne, tunda kamfanin da kansa ya rage wa dodon ƙarshe, Radahn, kaifi a gyaran da ya fitar bayan 'yan watanni. Ko a Dark Souls na farko akwai dodon nan Bed of Chaos, inda ƙasa ke ruftawa a share ka cikin rami, kuma da wuya ka sami mai kare shi. Wannan ya nuna cewa masoyan ma, in an bi a hankali, ba wuya suke yabo ba. Suna bambance faɗuwar da ta koya musu wani abu da wadda aka yi musu ƙeta.

Matsayata

FromSoftware yana da gaskiya da ya ƙi raba wasansa gida uku tun daga shafin farko. Tsarin da ya gina yana buƙatar mai wasa ya yarda cewa bangon da ke gabansa na gaske ne, kuma sassaucin da aka saƙa a cikin duniyar wasan ya fi maɓallin rage wuya daraja, domin shi ma sai an yi tunani kafin a same shi. Amma kamfanin bai sauke nauyin masu lalura ba. Damar tsayar da wasa, wadda Sekiro yake da ita amma babu maɓallinta a Dark Souls da Elden Ring, da zaɓin rage gudu ga wanda ke wasa shi kaɗai, ba za su taɓa darasin da wasan ke koyarwa ba. Za su ba wanda ya riga ya fahimci darasin damar aiwatar da shi ne kawai. Haka kuma duk dodon da ba a iya karanta motsinsa da ido, gazawar mai tsarawa ce, komai yawan waɗanda suka yi alfahari da kashe shi.

Su kuma masu wasa, wanda ya wuce da takobi tsirara da wanda ya kira mutum biyu suka taya shi, duk da kayan da wasan ya ba su suka yi aiki. Mai son wannan fasaha da gaske, in ɗan koyo ya zo masa da kuka daga maƙabartar Firelink, aikinsa shi ne ya nuna masa matattakalar da ke jikin dutse, ya bar masa sauran ya gano da kansa. Ta haka ne irin waɗannan wasanni za su ci gaba da samun sababbin hannaye, kuma ta haka ne kamfanonin da ke yin su za su gane cewa abin da ake biya dominsa shi ne gwaji na gaskiya, wanda mai haƙuri da lura zai iya ci.